Citta Tamu, Kwali Nasu

Sharhinmu na yau a kan abin da yawancinmu muke yagewa mu jefar ne ba tare da mun ko dube shi ba, wato ledar da aka ƙulla yaji a ciki, da kwalin ganyen shayi, da gwangwanin gahawa. Wani zai ce ina ruwan mai shan shayi da kwali, ai abin da ke ciki shi ne magana. To, a yi mini haƙuri a biyo ni, domin a wannan sana'a sau da yawa kwalin ne ke yanke hukuncin wanda zai ci riba da wanda zai tashi da wahala kawai.

Mu shiga layin masu kayan ƙamshi a Kasuwar Rimi ta Kano, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko duk wadda ta fi kusa da kai. Tun kafin ka iso teburin, ƙamshin kanumfari da citta da kimba da masoro ya riga ya tarbe ka. Ga ƙulle-ƙullen dakakken barkono cikin farar leda an rataye su reras, rana na dukansu tun hantsi har la'asar. Ga garin citta a buɗaɗɗen daro an tsira masa cokali. Mai saye yana jin daɗin wannan ƙamshi, mai kaya ma yana alfahari da shi, yana cewa kaya ne ke tallar kansu. Amma Malam mai kaya, ƙamshin nan da ya cika layi daga ina ya fito? Daga cikin hajarka ya fito, kuma ba zai koma ba. Abin da ke sa citta ta zama citta wani ɗan mai ne mai saurin tashi da Allah ya ajiye a cikinta, haka kanumfari, haka kirfa. Da zarar an daka su an buɗe wa man nan ƙofa, kamar kwalbar turaren da aka manta ba a rufe ba. Duk abin da hancin mai wucewa ya shaƙa kyauta, an rage shi ne daga tukunyar wadda za ta saya.

Farar ledar nan da muka dogara da ita tana yaudarar ido. Tana riƙe ruwa, shi ya sa muke zaton tana riƙe komai. Alhali iska na ratsa ta sannu a hankali, ƙamshi na fita, haske kuma na shiga yadda ya ga dama. Uwargida ta san haka ko ba a gaya mata ba, don in ta sa ƙullin daddawa a jaka ɗaya da ƙullin sukari, washegari shayin maigida sai ya ba da labari. Jan tattasai da ya sha rana kodewa yake yi ya koma ruwan ƙasa. Gangamau ma haka. Yajin da aka haɗa da ƙuli-ƙuli kuwa nasa ya fi sauri, saboda man gyaɗar da ke ciki in ya daɗe yana haɗuwa da iska juyawa yake yi, ya fara warin tsufa, ya riƙa maƙaƙi a maƙogwaro. In damina ta kankama sai danshi ya shigo da nasa: gari ya dunƙule, fumfuna ta kama. Kuma fumfunar barkono da gyaɗa ba abin wasa ba ce, akwai irin da ke haifar da gubar afalatoksin mai lahanta hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Fataken da suka riƙa ɗauko goro daga Gwanja zuwa Kano suna shafe watanni a hanya da jakuna, kuma goro abu ne mai son jiki, in ya bushe ya tashi daga aiki. Me suka yi? Suka shimfiɗa ganyen fita, suka jera goro, suka naɗe huhu tsaf, a hanya kuma suna kwancewa suna tsince wanda ya fara lalacewa, suna yayyafa ruwa, suna sake ganye. Sun fahimci cewa goro danshi yake so, sai suka yi masa ɗaurin da ke riƙe danshi. Kayan yaji da ganyen shayi akasin haka suke so. Kakanninmu sai da suka tambayi haja abin da take so kafin su ɗaure ta. Mu kuma leda iri ɗaya muke ƙulla komai a ciki, daga gishiri har kanumfari.

Ku dubi yadda masu gahawa suka yi da tasu matsalar, don tana da ban sha'awa. Idan aka soya ƙwayar gahawa, takan yi kwanaki, har makonni, tana fitar da iskar kabon-dayoksaid. In ka liƙe ta a jaka nan take, jakar za ta kumbura har ta iya fashewa. In ka bar ta a buɗe ta gama numfashinta, ƙamshi ya tafi. Gaba kura, baya sayaki. A shekarun 1960 wani kamfanin Italiya mai suna Goglio ya fito da ɗan ƙaramin bawul da ake maƙalawa a jikin jakar, mai barin iskar ciki ta fita amma ba ya barin ta waje ta shiga. Duk wanda ya taɓa riƙe jakar gahawa mai tsada zai ga wani ɗan da'ira kamar maɓalli a gabanta, da ƙananan huji a tsakiya. Mutane kan matsa jakar su shinshina ta wurin, suna zaton don haka aka yi shi. A'a, aikinsa ya fi haka. Wannan ɗan abu shi ya ba mai soya gahawa a Milan damar aika ta Tokyo ta isa da ƙamshinta. Tun kafin nan ma, a shekarun 1930, kamfanin Illy na birnin Trieste ya riga ya fara zuƙe iskar da ke cikin gwangwani ya ɗura wata wadda ba ta lalata gahawa, sannan ya rufe.

Ita kanta jakar, in ka yanka ta ka duba bakin yankan da kyau, za ka ga ba fallen leda ɗaya ba ne. Galibi hawa uku ne aka manne. Na waje roba ce mai ƙwari wadda ke karɓar rubutu da launi. Na tsakiya siririyar takardar alminiyam ce, ita ce mai gadin, ba ta barin haske ko iska ko danshi su wuce. Na ciki kuma leda ce mai tsabta da aka yi don abinci, wadda ke narkewa ta liƙe in an matsa ta da zafi. Manomin wake a Katsina ko Dosso ba zai yi mamakin wannan ba, domin ya san buhun PICS mai hawa uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, wanda ya bazu a ƙasashenmu daga 2007: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne daban, ƙwaro ya rasa iska ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Masu fitar da ɗanyar gahawa mai daraja su ma yanzu irin wannan ledar suke sakawa cikin buhun algarara mai kilo 60 kafin su ɗora a jirgin ruwa.

Shi ganyen shayi, babban aibinsa kwaɗayi. Duk warin da ke kusa da shi sai ya sha. Ajiye kwalin shayi a kanta ɗaya da sabulu ko kusa da galan ɗin kananzir, ka ji abin da zai faru. Masu dafa shayin buta a Agadas da Damagaram, waɗanda ke zama a yi zuba uku ba gaggawa, sun fi kowa sanin bambancin ganyen da aka buɗe yau da wanda ya yi wata a buɗe. Koren ganyen Sin da suke amfani da shi ya fi baƙin ganye saurin gajiya da haske da zafi.

Yanzu mu zo ga maganar kuɗi, don nan ne gizo ke saƙar. Najeriya na cikin manyan ƙasashen da ke noman citta a duniya, kuma mafi yawanta daga kudancin Kaduna take fitowa, Kachiya da Jaba da Kagarko da kewaye. 'Yan kasuwar waje suna neman ta saboda yajinta da yawan manta. Ta yaya take barin ƙasar? A tsaga, a shanya, a ɗura a manyan buhuna, a loda kwantena. Zoɓo ma haka, daga Jigawa da Kano da Katsina a tara a Dawanau da Maigatari, a danna a buhu, mafi yawa a nufi Meziko da shi. Can a wata ƙasa wani zai wanke, ya niƙa, ya auna giram 50, ya zuba a kwalba mai murfi ko ƙaramar jakar shayi, ya buga sunansa. Sunan Kachiya ba zai fito ko'ina a jiki ba. Wani lokaci ma kayan su dawo mana a kantin zamani na Abuja, mu saya da tsada muna yaba kyan kayan waje. Manomin da cutar citta ta 2023 ta cinye wa gona shi ya ɗauki kasadar, mai kwalba kuwa sai dai ya canja inda yake saro kaya.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Iran ce ke noma kusan kashi 90 cikin 100 na za'afaran ɗin duniya, amma an daɗe ana kai shi Sifen da yawa a zuba a 'yan kwalabe a sayar da tambarin kamfanonin can. Kenya ce kan gaba wajen fitar da baƙin ganyen shayi, amma mafi yawansa a manyan buhuna yake fita ta gwanjon Mombasa, a je a gauraya shi da na wasu ƙasashe a sa masa wani suna. Siri Lanka ta ga wannan ta yi dabara. Hukumar shayinta tana da tambarin zaki riƙe da takobi, kuma ba a yarda ka buga shi a kwalinka ba sai in ganyen nata ne zalla, kuma a cikin ƙasar aka zuba shi a kwalin. Kun ga ke nan aikin ɗab'i da liƙi da awo duk ya zauna a gida.

Tarihin sana'ar ma da haka ya fara. A Ingila ta ƙarni na 19 ana auna shayi ne daga buɗaɗɗen akwati, kuma algus ya yi yawa, har ganyen da aka riga aka dafa ake busarwa a rina a mayar kasuwa. Wani ɗan kasuwa, John Horniman, ya fara sayar da nasa a liƙaƙƙen ƙunshi mai cikakken awo tun wajajen 1826, don mai saye ya san ba hannun da ya taɓa shi a hanya. Thomas Lipton, mai kantin kayan masarufi daga Glasgow, ya sayi gonakin shayi a Siri Lanka a 1890, ya riƙa ƙunsa shi a awo daban-daban da sunansa ɓaro-ɓaro a jiki. Yau ko yaron da bai shiga aji ɗaya ba, in ka aike shi wajen mai shayi, zai gane ruwan ɗorawar kwalin nan daga tsallaken titi. Launi ɗaya, suna ɗaya, ba a canjawa. Wannan shi ne zane mai aiki.

Ina ganin 'yan'uwanmu mata da matasa da suka shigo wannan harka a 'yan shekarun nan, masu haɗa yajin daddawa da yajin tafarnuwa da kayan shayi na musamman suna tallatawa a WhatsApp da Instagram. Wallahi sun yi ƙoƙari, sun ɗaga sana'ar daga inda take. Amma Hajiya, ki bar ni in faɗa miki gaskiya ɗaya. Da yawanku kun fara ne daga ado kafin kariya. An kashe kuɗi an buga sitika mai ruwan zinariya, an manna a robar da murfinta ba ya kamawa. An sayi jakar takarda mai ruwan ƙasa don ta yi kyau a hoto, ba a duba ko tana da alminiyam a ciki ba, ga kuma wata ƙatuwar taga ta farar leda a gaba don a ga kaya. Na san dalilin tagar, mutanenmu ba sa son cinikin biri a sama, sai sun gani da ido. To a ƙanƙanta ta, ko a mayar da ita baya, ko a rufe jakar gaba ɗaya a ajiye ɗan samfur a kwalba don mai son gani da shinshinawa. In kina shakka, gwada da kanki. Ki zuba yaji ɗaya a mazubi biyu, ki ajiye su a inda kike ajiye kayan sayarwa, bayan wata guda ki buɗe ki ba wadda ba ta san wanne ne wanne ba ta ɗanɗana. Injin liƙe bakin leda na hannu ba shi da tsadar da za ta gagari mai wannan sana'a, kuma ya fi sitikar amfani nesa ba kusa ba.

Sai abin da ake rubutawa a jiki. Mai saye yana da haƙƙin sanin me aka haɗa, nauyin nawa ne, yaushe aka yi, yaushe zai daina amfani, wa ya yi kuma a ina, da lambar rajistar NAFDAC ga wanda ke Najeriya. In akwai gyaɗa a yajin a faɗa, don akwai mutanen da gyaɗa ke iya kai su asibiti, kuma a Turai da Amurka doka ce a bayyana ta. Maimakon wannan, me muke gani? Kayan shayi guda ɗaya an ce yana maganin basir da sanyi da hawan jini da ciwon suga, har da ƙarin kuzari ga maigida. Haba jama'a. Wanda ya san darajar kayansa ba ya buƙatar wannan. Ce mini cittar Kachiya ce, girbin bana, an shanya ta a kan tamfol ba a gefen kwalta ba. Wannan ya ishe ni in biya ƙari.

Sunan wuri dukiya ne, kuma maƙwabtanmu sun riga mu ganewa. A Kamaru, masoron Penja da ake nomawa a ƙasar tsohon dutse mai aman wuta ya samu rajistar kariyar sunan asali a 2013, yana cikin na farko a Afirka, kuma daga nan farashinsa ya ɗaga sosai, manyan masu dafa abinci na Faransa suna nemansa da sunansa. Habasha ta yi ja-in-ja da kamfanin Starbucks kan sunayen gahawarta, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, har aka sasanta a 2007 kamfanin ya amince sunayen nata ne. Indiya ta yi wa shayin Darjeeling rajistar kariyar sunan asali a 2004. Mu fa? Ga shayi a tsaunin Mambila na jihar Taraba, ana nomansa ana sarrafa shi a Kakara kusa da Gembu, ga gahawa a tsaunin. Ga tattasan Diffa na bakin Komadugu, ja wur. Mutum nawa ne a Legas, balle a Jidda, suka taɓa ganin waɗannan sunaye a jikin kwali mai kyau?

In an tashi yin zanen kuma, don Allah a daina kwafo hoton farar mace riƙe da kofi daga intanet. Muna da abin da ba wanda zai iya ƙwace mana. Ga zanen bangon gidajen Zariya da Kano, ga shuɗin baba na marinar Ƙofar Mata, ga aikin dukawa a jikin fata, ga aska takwas ta gaban riga, ga sassaƙar ƙwarya. A ɗauki ɗaya a tsaya a kai, kada a tara su duka a wuri ɗaya har ido ya rasa inda zai sauka. Rubutu ya zama manya yadda tsohuwa za ta karanta ba tare da ta kira jikanta ba. A rubuta da Hausa, a ƙara Turanci ko Faransanci ko Larabci gwargwadon kasuwar da aka nufa. Layi ɗaya na ajami ma ba zai yi asara ba, akwai dattawa da yawa da shi ne karatunsu.

Ba zan ɓoye muku ba, jakar nan mai hawa uku tana da nata laifin. Da yake roba da ƙarfe ne aka manne, da wuya a sake sarrafa ta, kuma magudanan ruwanmu sun riga sun ƙoshi da leda. Su ma jakunkunan shayi na zamani masu sheƙi kamar siliki, da yawansu roba ce. Masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun gano a 2019 cewa guda ɗaya in aka tsoma ta a ruwan zafi tana sakin ɓarɓashin roba sama da biliyan 11 a kofi. Ni dai a ganina gwangwani mai murfi biyu ko kwalba mai duhu sun fi dacewa da mu. Mai saye ya saya sau ɗaya, in ya ƙare ya dawo a sake cika masa, ko ya sayi ƙaramin ƙunshi ya juye. Amma sabuwar kwalba nake nufi, ko wadda aka san abinci ne ya fita daga cikinta. Robar maganin feshi ko an wanke ta sau goma ba mazubin yaji ba ce. Tsohuwar jarida da takardar siminti su ma haka, tawada da ƙurar suna bin maiƙo su shiga abinci, shi ya sa Indiya ta haramta naɗe abinci a jarida.

Na san abin da mai ƙaramin jari zai ce: kamfanonin da ke buga irin waɗannan jakunkuna ba sa karɓar odar ɗari biyu, sai dubbai. Gaskiya ne, kuma nan ne nake kira ga ƙungiyoyin mata masu sana'a, da ƙungiyoyin manoman citta da zoɓo, da cibiyoyin ciniki na Kano da Kaduna da Maraɗi. Ku haɗa kuɗi ku sayi jakar da ba a buga komai a kanta ba da yawa a farashin sari, kowa ya manna tasa takardar. Ku nemi ɗaki ɗaya mai tsabta da sikeli da injin liƙi wanda mambobi za su riƙa amfani da shi bi da bi, a yi masa rajista. Gwamnatocin jihohin da ke raba kekunan ɗinki duk shekara, su gwada wannan ko sau ɗaya.

Ku kuma masu saye, in kun je kasuwa gobe, ku ce a ɗauko muku daga ƙullin da ke cikin inuwa, ba wanda ke rataye a rana ba. Ku sayi kanumfari da masoro da ƙwayarsu ku daka kaɗan-kaɗan, ku juye a kwalba mai murfi, ku ɗauke ta daga kusa da murhu. Wadda kuma ta kawo muku kaya a liƙe da kwanan wata a jiki, in ta ɗora 'yar naira a kai, kada ku yi mata tayin wulaƙanci.